Zuwa Ga Mai Korar Shanu a Filin Jirgi

Assalamu alaikum, Baba.

Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama, Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko da kana raye ma sai an nemo mai karanta maka, kai kuma ka kawar da kai kana gyaran ƙotar lauje kamar ba da kai ake ba, tunda daga wurina ta fito. To yau dai ba inda za ka kawar da kai, sai ka haƙura ka saurare ni. Ina zaune ne a ɗakina a Guangzhou, nan ƙasar Chana, kusa da kasuwar Kanan inda muke sarin tufafi, ga buhunan kaya sun kusa kore ni waje.

Labarin gida tukuna. Inna ta fita takaba lafiya, yanzu tana Kano wurin matata Rabi ana duba mata ido. Jikokinka suna nan sun cika gidan da surutu. Tinkiyar nan taka mai baƙin kunne ta haifi biyu. Kwaltar da ka sha cewa ba za ka gan ta da idonka ba ta iso Kukar Maje, kuma maganarka ta tabbata, ba ka gan ta ba. Ta gefen filinka na jirgi ta bi, ita ce ma ta jawo maganar da ta sa na ɗauki biro.

Ƙanena Sani ya kira ni. Wani mai buga bulo ya ga filin ya yaba, ga shi shimfiɗe, ga titi a gefe, yana so ya saya. Juma'a mai zuwa malamai za su zauna rabon gado, ƙannena duk sun amince a sayar, ni kaɗai ake jira tunda ni ne babba. Sani bai ɓoye mini ba, ya ce kana kwance ka kama hannunsa ka ce kada a bari ciyawa ta cinye filin. Amma a ganinsa maganar ciwo ce. Ban ga laifinsa ba, Baba. Yana da 'ya'ya, gona ta yi kaɗan, kuma rabon da jirgi ya sauka a wurin tun kafin ya yi aure. Ni ma na ce masa in don ta ni ne a sayar. Na dai nemi ya ba ni 'yan kwanaki, don kada a ce babba ya yanke magana yana tsaye a bakin shago.

Me zan ɓoye maka yanzu? Ban taɓa son filin nan ba. Tun da aka yaye ni aka kai ni Kano riƙo wurin Goggo, sai hutun makaranta nake zuwa. In na zo, Sani ne ɗanka, Salisu ne ɗanka, ka kira sunansu, ka aike su, ka yi musu faɗa har da ranƙwashi. Ni kuwa ko ranƙwashin ban samu ba. Sai dai "kai", ko "a ce da yaron can". Na san al'ada ce, kowa ya san kunyar ɗan fari, Inna ma har yau ba ta kama sunana. Amma sanin abu daban, zuciyar yaro daban. Ina kallonka ka durƙusa kana cike ramin gafiya a filin da hannunka, kana lallaɓa ƙasar kana daddaɓa ta, sai in ce a raina ashe dai mutumin nan ya iya lallashi.

Wuri ɗaya muke haɗuwa da kai, ranar da jirgi zai sauka. Lokacin jirgin likitocin mishan yana zuwa jefi-jefi, daga baya kuma masu feshin tsuntsayen jan-baki. Ka tuna yadda yake yi? Ba ya sauka kai tsaye. Sai ya yi ƙasa-ƙasa ya zaga filin, ya sake zagawa, yana nufin a kore masa dabbobi. Kafin ya gama zagayen farko ka tuɓe riga ka zuba a guje, kana kaɗa ta sama kana ihu, mu muna biye da kai, shanun Fulani suna watsewa, awaki suna tsalle. Sannan ka cinna wa ɗanyar ciyawa wuta a gefe don matuƙin ya ga inda iska ta nufa. Da tutar iskar ta yage, ƙafar tsohon wandonka ka yanke ka ɗaura a gora, har Inna ta yi kwana biyu tana mita. A ranakun nan kaɗai kake dafa kafaɗata, shi ma don ka janye ni ne daga hanyar farfela.

Jirage suka daina zuwa, dagaci ya bar maka filin, kai kuwa ba ka daina ba. Duk ƙarshen damina ka ɗau lauje, ka fasa shurin gara, ka tsince duwatsu. Mutane suka laƙaba maka Sarkin Fili, in ka wuce majalisa su tambaye ka jirage nawa suka sauka yau. Sai ka yi murmushi ka wuce. Ni abin yana ƙona mini rai. Ƙasa mai kyau da za ta ba da dawa cike da rumbu, an bar ta ana yi mata aski kamar ango. Haka na ɗauki abin har ranar Lahadin da ta wuce.

Ga yadda aka yi. Akwai wani mai masana'anta da ke ɗinka mini jallabiyoyi, Lawban Chan. Lawban a bakinsu maigida ke nan. Kwantena tana jira a tashar ruwa ta Huangpu, kayana ba su kammala ba. Na je ina kumfar baki, in na tambayi wannan ya ce meyo, in na tambayi wancan ya ce meyo, wato babu. Mutumin nan ya san halina sarai. In ya ga na hau, ba ya musu, sai ya nemo abin da zai ɗauke mini hankali. Wannan karon cewa ya yi in shiga mota zai nuna mini abin da ban taɓa gani ba. Na shiga ina huci, don na san dabara ce.

Muka bar gari, dogayen gine-gine suka ƙare, muka shiga ƙauye, gonakin ayaba da kududdufan kiwon kifi hagu da dama. Sai ga shi mun tsaya a bakin wani shinge. Baba, na leƙa kawai sai na tsaya cak. Fili ne dogo, siriri, kore shar, an yi masa aski tas. Ba kwalta, ba siminti, ciyawa ce zalla. Can gefe ga tutar iska a kan sanda tana kumbura tana saki. Tasu ja da fari ce, ba ƙafar wando ba, amma aikin ɗaya ne. Har ƙamshin yankakkiyar ciyawar iri ɗaya. Shekara da shekaru ina garin nan, ban san ƙasarsu tana ƙamshi ba sai ranar.

Lawban Chan ashe mayen ƙananan jirage ne, duk hutu can yake tarewa. Ya ja ni wata babbar rumfar kwano a gefen filin, inda suka tara tsofaffin jirage don masu kallo. Akwai wani mai fukafukai hawa biyu da aka yi feshin gonaki da shi, sak irin na masu jan-baki. Akwai injuna a buɗe, da farfeloli na katako jingine da bango, da hulunan matuƙa da fatarsu ta tsattsage. Yana bayani da guntun Turancinsa, inda ya maƙale ya faɗa wa waya ita ta fassara, wani lokacin ta fassara shirme mu yi dariya. A bango akwai hotunan mutanen ƙauyen lokacin da suke share filin, maza da mata da kwanduna a kafaɗa. Na daɗe a gaban hoton wani mai lauje, ya naɗe wando zuwa gwiwa, bai ko kalli mai ɗaukar hoton ba.

A kusurwa kuma akwai wani ɗan ƙaramin jirgi fari, an buɗe gefensa. Kujerar matuƙi, kujera ɗaya a baya, sai wani siririn gado na ɗaukar majiyyaci da igiyoyin ɗaurewa. Lawban ya ce da shi ake ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da ruwa ya yanke. Na tambaye shi ina 'yan uwan majiyyacin suke zama, don ka san mu, mutum ɗaya ba ya zuwa asibiti sai da rabin unguwa. Ya girgiza kai ya ce meyo. Na yi dariya na wuce, ban kawo komai a raina ba.

Muna fitowa na ji ƙara a sama. Wani ƙaramin jirgi ya yi ƙasa-ƙasa, ya zaga filin. Na duba, sai ga garken agwagi a tsakiya, irin manyan nan masu dogon wuya, suna kiwonsu hankali kwance. Ba wanda ya motsa. Jirgin ya juyo zai sake zagawa. Wallahi Baba ban san lokacin da na tsallake shingen ba. Ni da tumbina, da furfurata, da gwiwar da likita ya ce in riƙa lallaɓawa! Na tuɓe kaftani na bar singileti, na zuba a guje ina kaɗa shi sama ina ihu da Hausa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, an faɗa, amma ba a ce ɗan ya yi gudun a ƙasar mutane ba.

Agwagin nan ba awakin Kukar Maje ba ne. Maimakon su watse sai suka miƙe wuya suka yo kaina, wata ta cafke ni a cinya, har yanzu wurin yana nan shuɗi. Mai gadi yana busa usur, Lawban yana ihu, jirgin da ya riga ya saito zai sauka ya ƙara wuta ya koma sama. Ka ji fa. Agwagi ba su hana shi sauka ba, ni na hana shi. Ni na zama saniyar.

Da aka fito da ni, wata tsohuwa mai agwagin tana dariya har tana riƙe ciki. Ta bakin waya aka fahimtar da ni cewa da gangan ake sakin su, su ke taya su rage ciyawa, kuma sun san ƙarar inji, in jirgi ya saito da kansu suke komawa bakin ruwa. Ga kuma mai rediyo a ɗan ɗaki yana magana da matuƙi, zagayen da na gani koyon tuƙi ne kawai. Na ba da haƙuri iya iyawata, ina ta cewa shiye-shiye, wato na gode, ina duƙawa, na ma rasa kalmar haƙurin sai ta godiya. Lawban ya sha faɗa a kaina. Amma da na gaya masa aikin ubana ke nan, sai ya karɓi kaftanin ya kakkaɓe mini ciyawar da hannunsa. Ashe duk wannan abin wani daga cikin masu kallo yana ɗauka a waya, har ya tura mini.

Washegari, daidai lokacin da hantsi ya yi a gida, na tura wa Rabi hoton bidiyon don ta yi dariya, sannan na kira ta ta bidiyo. Ta ce Inna tana kusa, ta nuna mata. Ka san ni da Inna, gaisuwa ce a taƙaice, ta amsa tana kallon gefe. Ina jin ta tana dariya da aka zo wurin cizon. Sai dariyar ta tsaya. Ta ce da Rabi ta mayar baya, wurin da na tuɓe riga. Aka mayar, aka sake mayarwa. Daga nan ta ce Rabi ta ajiye wayar a tabarma, ba ta ce a kashe ba. Silin kawai nake gani da fanka tana juyawa. Sai ta fara ba Rabi labari, wai labarin mijinta, kamar ba na duniyar.

Ta ce tsakiyar damina ce, gulbi ya kawo ya shafe hanya, naƙudarta ta fari ta ƙi ci ta ƙi cinyewa har ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Malamin ɗakin shan magani ya kira 'yan mishan ta rediyo, suka ce jirgi zai zo amma ba zai sauka ba sai an share fili, don mai kula da filin ya daɗe da barin gari, ciyawa ta kai ƙugu. Ta ce lokacin ba ruwanka da jirgi, manomi ne kai kamar kowa. Ka ɗau lauje tun da sassafe, mazan gari suka bi ka, kuna yanka ruwa yana dukanku har tafin hannunka ya fashe. Jirgi ya zo yana zagawa, sai ga shanu sun shigo cin sabuwar ciyawar da aka zube. Ta ce tana kwance a kan ƙyauren da aka ɗauko ta, da ido ɗaya ta ga ka tuɓe riga ka zuba a guje. Gudun da ta gani a wayar Rabi ke nan, har yadda kake karkata kafaɗa.

Aka ɗaure ta a siririn gadon nan, ma'aikaciyar jinya ta zauna a kujera ɗayar. Kai babu wurinka. Ka tsaya a filin da riga a hannu jirgi ya tashi da ita da abin da ke cikinta, ba ka san ko za ka sake ganinsu ba. Ba waya, ba hanya. Sai da ruwa ya janye aka dawo da mu a motar gyaɗa. Ta ce da aka shigo da ni mata suna guɗa, ko kallon zanen goyon ba ka yi ba, ka ɗau laujenka ka fita. Amma ta ga ƙafafunka ta ƙarƙashin zana, sun daɗe a wurin kafin su tafi.

Baba, me ya sa ba wanda ya gaya mini? Na san amsar, ba sai ka faɗa ba. Ku kunya ta hana ku, Goggo kuma takan ce ba a ba yaro labarin wahalar haihuwarsa, kada ya zama gori. Mazan da suka taya ka yankan yawancinsu sun riga ka tafiya. Ni kuma ina nan ina baza wa abokai labarin ranar da na fara hawa jirgi zuwa Chana, yadda kunnena ya toshe, yadda na riƙe kujera. Ashe na biyu ne.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ce tun da na fara wannan fatauci, duk lokacin da ka ji an ce ina hanya, zuwa ko dawowa, sai ka ɗau lauje ka nufi fili, ko da rani ne ba abin yanka. Ka bi shi daga wannan kai zuwa wancan, ka cike ramuka, ka roƙi Fulani su yi nesa da shanunsu ranar. Sau ɗaya ta tambaye ka dalili. Ka ce mata jirgi in ya matsu da wurin sauka ba ya shawara da kowa, kuma yaron can yana ciki.

Haba Baba. Jirgin da nake hawa ya fi masallacin Juma'armu tsawo, ko tayarsa ɗaya filinka ba zai ɗauka ba, kuma ba ta saman Kukar Maje yake bi ba. Wa zai gaya maka? Na gode wa Allah da ba a samu mai wayon da ya gaya maka ba. Ina zaune a kan buhun jallabiya na yi kukan da ban yi ba ranar da Sani ya kira ya ce an kai ka, ina nan nesa ko ƙasa ban zuba maka ba. Rabi ta ɗauki wayar ta ga fuskata ta mayar da ita tabarma. Ina kishin fili tun ina yaro, ina cewa ka fi son sa da ni. Ina ƙaunarka, Baba, ban taɓa faɗa ba don ni ma an koya mini irin kunyarku.

Jiya na kira Sani. Na ce a rabon Juma'a su ɗauki kasona na gida, da na gonar fadama, da dabbobi, su bar mini filin. In malamai sun auna sun ga ya fi rabona, zan cika musu, ba zan ci haƙƙin kowa ba, ba kuma zan hana 'ya'yan Sani tuwo don in riƙe ciyawa ba. Ya tambaye ni ko ni ma abin ya kama ni ne. Na ce ya kama ni, tun kafin a haife ni ma. Ya ce mutanen majalisa za su samu sabon Sarkin Fili. Na ce su naɗa, na karɓa.

Ba na yaudarar kaina. Jirgi ba zai sake sauka a wurin ba, ga kwalta ta zo, mai naƙuda mota za ta ɗauka. Yara za su buga ƙwallo, mata su shanya dawa, in liman ya so a yi Idi a ciki. Wataƙila 'ya'yana su sayar bayan raina, wannan tsakaninsu da Allah. Amma muddin ina numfashi ba za a buga bulo a inda tafin hannunka ya fashe ba.

Kaya sun kammala, Lawban ya cika alkawari a ƙarshe, kwantena ta tashi. Ƙarshen damina ina tafe. Na ce da Rabi ta tambayar mini Inna inda laujenka yake, tunda ni ba zan iya tambayarta kai tsaye ba. Ta aiko da amsa ta bakin Rabi, wai yana ƙarƙashin gadonta a naɗe cikin tsumma, kuma a gaya wa yaron can hannun da ya saba da taɓa yadi zai yi kanta tun kafin azahar. To ya yi. Wannan ce tafiyata ta farko da ba wanda zai share mini fili, ni zan sauka in share.

Na bar ka haka, Baba. Kai da ka ƙare rayuwarka kana gyara wa wani wurin sauka, Allah Ya sa ka tarar an gyara maka naka. Sai mun iso.

Ɗanka na fari, yaron can,
Auwalu